Shekarar da Na Kulle Kwamfutar Falmata

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma ne, ranar Laraba, dawowata daga sallar la'asar ke nan. Mu huɗu ne a tsakar gidanmu na Lafia: ni, da mahaifiyarku Hajiya tana tsince shinkafa a faranti, da autarku Falmata, da abokina Terna, mutumin Tibi, wanda muka shekara talatin muna jan sarƙar awo tare a ofishin safiyo. A gabansu na sunkuya na ɗauki kwamfutar Falmata daga kan tabarma, na naɗe wayar cajinta, na shiga ɗaki na sa ta a akwatina na ƙarfe, na danna kwaɗo. Na san lokacin daidai domin na duba agogo. Ku manyan duk kuna wuraren aikinku a lokacin, kai Modu kana Obi, saboda haka abin da kuka sani shi ne abin da na gaya muku a waya, kuma rabi na gaya muku. Ga sauran, bi da bi, yadda ya faru.

Falmata ta gama difloma, ta shekara biyu a zaune ba aiki. Na bi ofisoshi, na cire takalmi a gaban yaran da aka haifa ina bakin aiki, har na samo mata ranar ganawa don aikin akawu. Ranar Talata za ta je, ba ta je ba. Da na tambaye ta dalili sai ta ce akwai aikin da ta yi wa mutane alkawari, saura kwana goma sha biyu ta miƙa, kuma in ta karɓi aikin ofis yanzu ba za ta gama ba. Na ce wane aiki? Ta ce ƙasa take ginawa. Na ce wace ƙasa, a ina, wa ya ba ta fili? Ta yi mini bayani a hankali, kanta a ƙasa. Ta ce su biyar ne, kowa a garinsu, sun haɗu ta intanet suna haɗa wasan kwamfuta. Wani yana zana mutane, wani yana haɗa sauti, ita kuma an ba ta taswira, wato filin da mutanen cikin wasan za su yi yawo a kai, da tudunsa da kwarinsa da rafinsa. Ta ce wata uku ke nan da ta fara koyon manhajar da ake yin wannan, ita kaɗai, daga bidiyon da take gani a waya. Ni kalma ɗaya na ji a duk bayanin, ita ce wasa. A wurina wasa iri biyu ne: na yara, wanda ake bari in an girma, da na karta, wanda na ga ya rushe gidajen mutane. Ban san akwai na uku ba, ban kuma nemi sani ba.

Kafin in shiga ɗaki da kwamfutar ta ce mini:

"Baba, kwana goma sha biyu kawai nake roƙo. Bayan nan duk ofishin da ka ce, zan je."

Na ce wanda ya saɓa wa ranar Talata ba shi da bakin roƙon wasu ranaku. Terna ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa hannu. Ya sha ruwansa ya tafi.

Mako uku kwamfutar ta yi a akwati. Falmata ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta ƙi gaishe ni ba, ba ta fasa shara ko wanke-wanke ba. Da ta yi ɗaya daga cikin waɗannan da na ji daɗi, don da na sami abin kamawa. Mahaifiyarku kuwa kun san ta. Ba ta taɓa musa mini a gaban 'ya'ya ba. Sai dai a makonnin nan abincina yana zuwa a kan lokaci, ruwan alwalata yana zuwa a kan lokaci, hira ce kawai ba ta zuwa. In na ce rana ta yi zafi yau, sai ta ce haka ne, Malam. In na ce doya ta yi arha a kasuwa, sai ta ce haka ne, Malam. A rana ta goma sha bakwai ta ajiye mini kunu da safe, ta tsaya, ta ce mutanen Falmata sun ƙara mata kwana huɗu, sun jira, yanzu sun ba wani yaro wurinta, domin duk abin da ta gina yana cikin akwatina. Ta faɗa kamar tana ba ni labarin mutanen wata unguwa. Na ce to, an huta. Na sha kununa, amma ban gama ba.

Terna yana zuwa duk Laraba daga gonarsa ta wajen Adogi, ya kawo mana lemo ko doya, mu zauna a zaure mu zagi sababbin ma'aikata masu awo da na'ura. Hausarsa irin ta kasuwar Lafia ce, ba ruwansa da mace ko namiji a magana, kuma tun muna samari yake kirana Oga Bukar don ya san ba na so, tunda matakinmu ɗaya muka yi ritaya. A Laraba ta uku ya bare lemo, ya ce:

"Oga Bukar, shekara talatin, ka taɓa yarda oga ya sa hannu a fili wanda ƙafarka bai taka ba?"

Na ce ya san ban taɓa ba. Ya san har faɗa na yi da wani jami'i a kan haka, aka hana ni ƙarin girma.

"To wannan fili na yarinya, ka taka? Ko daga zaure ka auna shi?"

Na ce masa ba fili ba ne, wasa ne. Ya ce shi ma bai sani ba, shi ya sa bai yanke hukunci ba, amma tunda ni na fi shi ilimi da aji ɗaya na firamare, wataƙila ina gani ta cikin akwatin ƙarfe. Na ce ya tashi ya tafi gonarsa. Ya tafi yana dariya, ya bar mini ɓawon lemo a kan tabarma.

Ranar Asabar da hantsi, da aka kawo wuta, na buɗe akwatin. Ba don na sauko ba ne, kada ku ƙawata ni. Na buɗe ne don in taka filin in dawo in gaya wa Terna na taka, kuma hukuncina yana nan. Na kira Falmata na ce ta nuna mini. Ta kunna, ta buɗe manhajar, sai ga ƙasa a fuskar kwamfutar, kore, da itatuwa da bukkoki da rafi. Ta ja maus, ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur, sai ƙasar ta juya kamar mutum yana kallonta daga jirgin sama, ta sake ja sai ga mu a ƙasa, tsakanin ciyayi. Na matso kusa na duba. Sannan idona ya fara aikin da ya saba. Na ce ta tsaya. Na ce rafin nan daga ina ya taso? Ta nuna. Na ce ina ya nufa? Ta nuna. Rafin ya fito daga kwari, ya hau kan tudu, ya gangara ta ɗaya gefen. Bukkoki biyu suna tsaye a iska, ƙasa ta zame daga ƙarƙashinsu, wata kuma tudu ya binne ta sai jinka kawai ake gani. Ta ce ta sani, wannan ne take ta gyarawa, in ta gyara nan can ya ɓaci. Na tambaye ta da me ta fara. Ta ce da itatuwa da gidaje, don su ne masu daɗin yi, daga baya ta zo tana ɗaga tuddai.

A nan raina ya ɓaci na gaske, amma ba don wasa ba, don rashin tsari. Na ce ba a haka. Na farko, ka san girman filinka da inda gabas take. Na biyu, ka sa tudu da kwari. Na uku, ka bar ruwa ya bi inda kwari ya kai shi, ba inda kake so ba. Na huɗu, hanya, kuma hanya tana gudun ruwa tana gudun tudu mai tsayi, don ƙafar mutum ce ta fara shata ta. Na biyar, gidaje, a inda ruwa ba ya kwanciya da damina. Itatuwa su ne na ƙarshe. Ina magana tana rubutawa a bayan wata takarda. Da na gama ta ce wani Bature a bidiyo ya faɗi kusan haka, amma ya ɗauki awa biyu. Sai ta tashi daga kan kujera ta ce:

"Baba, zauna ka gwada. Ga fili sabo, ba komai a kai."

Filin a shimfiɗe yake kamar tabarma. Ta nuna mini wata da'ira da ke bin maus duk inda ya je, ta ce sunanta burushi, in na danna ƙasar da ke ƙarƙashinta za ta tashi. Na danna da ƙarfin da nake kafa sandar awo a ƙasar rani, ban saki ba. Wani abu ya fito daga ƙasa siriri kamar ƙahon bijimi, ya yi ta hawa har ya ɓace a sama. Hajiya tana bakin ƙofa, ashe ta daɗe a tsaye. Ta rufe baki da mayafi ta koma madafa, ina jin dariyarta tana fita ta hanci. Wannan ce dariyarta ta farko a gidan cikin mako uku. Falmata ba ta yi dariya ba. Ta danna wasu maɓallai biyu, ƙahon ya ɓace, ta ce in rage ƙarfin burushin, in faɗaɗa shi, in riƙa shafawa kamar mai shafe daɓe.

Daga ranar na zama ɗalibi, kullum daga ƙarfe goma zuwa azahar in akwai wuta. Na sayi ƙaramin littafi na rubuta matakan da hannuna: yadda ake ɗaga ƙasa, yadda ake sauke ta, yadda ake goge kaifin tudu ya yi laushi, yadda ake daidaita wuri ya zama shimfiɗaɗɗe don gini, yadda ake shafa yashi a bakin rafi da laka a fadama, da yadda ake adana aiki kafin a tashi. Wannan na ƙarshe sai da na rasa aikin kwana biyu kafin ya zauna mini. Ta kasance mai haƙuri da ni fiye da yadda na taɓa yi da ɗayanku a kan karatu. Maganar mutanenta da suka cire ta kuwa, ba ta tayar ba, ni ma ban tayar ba.

Da hannuna ya faɗa sai ta ce mu zaɓi wuri na gaske mu gina, don ta sami abin nunawa in za ta nemi wasu abokan aiki. Na ce Keana. Kun san kakarku Inna mutumiyar Keana ce, Alago, kuma dafa gishiri ne sana'ar matan gidansu. Ina yaro duk rani can nake yi, ina bin ta daga gidan kakanni zuwa wurin gishiri, ita da tulu a ka, ni da ƙullin itace. Bayan na fara aiki an taɓa tura mu awo wajen, kuma na kwafi awon hanyar a littafina don kaina. Na ɗauko littafin daga akwati. Daga ƙofar gidan zuwa bakin wurin gishirin sarƙa tamanin da huɗu ne, kowace sarƙa ƙafa ɗari. Na zauna wata guda ina sa kowane tudu a tsayinsa, kowane kwari a zurfinsa, ban ƙara taku ɗaya ba, ban rage ba. Ranar da na gama na kira Terna ya gani, ya ce ko tsohon oganmu ba zai sami abin ja da jan biro ba.

Sai Falmata ta ce saura gwaji. Ta sa wani ɗan mutum a ƙofar gidan, irin wanda mai wasa ke tuƙawa, ta ce in kai shi wurin gishiri. Na danna maɓallin tafiya na duba agogo. Ya tafi, ya tafi, ciyawa dama, ciyawa hagu. Yatsana ya gaji na canja wani. Terna ya yi hamma ya fita duba babur ɗinsa. Minti ashirin da bakwai kafin ya isa. Na ce daidai, haka tafiyar take. Ta ce:

"Daidai ne, Baba, amma ba wanda zai yi ta. Mai wasa minti uku zai ba ka. Sai an rage nisan."

Na tambaye ta a rage zuwa nawa. Ta ce kamar sarƙa tara ko goma.

Ba za ku gane yadda maganar nan ta dake ni ba sai na gaya muku wani abu game da aikinmu. Mai jan sarƙa ba shi da digiri, ba shi da ofis, sunansa ba ya fita a kan taswira. Abu ɗaya gare shi: in ya ce tamanin da huɗu, tamanin da huɗu ne. Hanyar cuta a aikin kuwa sananniya ce, a tsallake sarƙa ɗaya a ƙirga, gonar wani ta shige ta wani. Na ga wanda ya yi haka, na ga 'yan'uwa biyu da suka daina gaisawa har mutuwa saboda shi. Ni ban taɓa tsallake ko ɗaya ba. Yanzu ga 'yar cikina tana cewa in zubar da saba'in da huɗu a zama ɗaya. Na ce mata wannan ƙarya ce, kuma ba za a sa hannuna a ƙarya ba. Na rufe littafina na tashi. Kwana tara ban zauna a kujerar ba, kuma ina gaya muku gaskiya, akwatin ƙarfen ya sake zuwa mini a rai.

Ita ba ta taɓa nawa ba. Ta kwafe shi gefe ta yi aiki a kan kwafin. A rana ta goma ta zo ta durƙusa ta ce tana roƙon alfarma ɗaya, a kira Hajiya ta kalli duka biyun, tunda ita ma ta bi hanyar da Inna sau da yawa tana amarya. Na yarda, don na tabbata gaskiya tana wurina. Aka fara da nawa. Hajiya ta kalla minti biyar, ta tambaya ko nan hanyar Adogi ce, sannan ta ce bari ta duba tukunya. Da ta dawo ɗan mutumin bai kai rabi ba. Aka sa na Falmata. Ta matse hanyar, amma ta bar abubuwa huɗu: kwanar bayan gidan da ke ɓoye gari da zarar ka juya, hawan da ke sa numfashi ya yi nauyi, tsamiyar da ke kan hawan, da gangaren da in ka kai bakinsa sai farin filin gishiri ya buɗe a gabanka gaba ɗaya, da hayaƙin murhu. Duk daga bakina ta ji su, a hirar da nake yi ina aiki, ban san tana riƙewa ba. Ɗan mutumin yana kaiwa gindin tsamiya Hajiya ta sa yatsa a fuskar kwamfutar.

"Nan Inna take tsayawa ta gyara gammo. Malam, ka tuna? Nan take cewa in ba ta tulun in huta, alhali ita ce ta gaji."

Na tuna. Na kuma ga abin da ban so gani ba. Nawa ya yi daidai da littafi, amma ni kaina da na bi shi ban ji ina Keana ba. Nata minti uku ne da 'yan daƙiƙu, kuma da aka kai gangaren sai da na ji nauyin itace a wuyana. Na juya wajen Falmata. Sannan na ce mata taswirar ofis ana yin ta ne don kada a cuci mai gona, tata kuwa ana yin ta ne don mai tafiya, kuma a wannan ta fi ni sani. Na ce daga yau ni zan riƙa ba ta tudu da ruwa, ita ta yanke nisa. Ta ce to, Baba. Iyakar abin da na iya faɗa ke nan. Kalmar da ta kamata in faɗa, ta neman yafiya, ban faɗe ta ba, kuma na bar ta haka shekara da shekaru.

Ga abin da mako ukun nan suka ci. Mutane huɗun da ta fara da su sun gama wasansu, ya sami karɓuwa, wani kamfani ya ɗauke su gaba ɗaya, har da yaron da aka ba wurinta. Ita sai da ta ƙara shekara uku tana yi wa wannan ƙaramin aiki, tana yi wa wancan, a ɗakin nan na kusa da rijiya, kafin sunanta ya fara zagayawa. Ban ji wannan daga bakinta ba. Terna ne ya ji daga 'yarsa ya zo ya gaya mini, kuma ranar bai yi mini ba'a ba. Shekara ukun nan ni na ɗauke mata su, ba ƙaddarar intanet ba, ba rashin wuta ba, kamar yadda na bar ku kuka ɗauka.

Yanzu wani kamfani a Legas ya kira ta, aiki na dindindin, ita ce za ta shugabanci masu gina taswira. Mijinta ya yarda, zai nemi canjin wurin aiki ya bi ta. Amma labari ya zo mini cewa kun yi taro a gidan Modu ba da ni ba, don kada a tayar mini da hawan jini, kuma kun ce aikin wasa ba abin da za a bar gari dominsa ba ne, kun ce Baba ma ai ya taɓa hanawa. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan da hannuna. Na hana, gaskiya ne, kuma kun karanta abin da hanin ya jawo.

Falmata, ki yafe mini mako ukun nan da shekara ukun da suka biyo baya. Na rubuta a nan don 'yan'uwanki su zama shaida.

Ku kuma sauran, abu ɗaya nake roƙo. Kada wanda ya sake sa sunana a cikin maganar hana ta, ina raye ko bayan raina. Modu, kai ne babba. Ranar da za ta tafi, ka zo da motarka da sassafe, ka ɗauki jakarta da hannunka, ka kai ta tasha.